Na soyayya ko na yaƙi: Littafin da ya kamata matashin Damari ya ɗauka nan gaba

Gari kan yi tsit da wuri a Damari. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga a wannan ɓangare na Ƙaramar Hukumar Sabuwa sun rage hirar dandali, sun taƙaita zaman majalisa, sun kuma koya wa mutane shiga gida tun dare bai yi nisa ba. Abin da ya rage wa matasa da yawa bayan sallar isha'i shi ne wayar da aka karɓo daga wurin mai caji, da kuma littafin da ke cikinta.

Littattafan Hausa da ke yawo a wayoyi sun kasu kashi-kashi, amma biyu ne suka fi tashe. Akwai na soyayya da zaman aure, waɗanda ake turowa babi-babi ta WhatsApp ko a karanta a Wattpad. Akwai kuma na yaƙi da jarumtaka, masu sadaukai da matsafa da aljanu da biranen da babu su a taswira. Wanda karatu ke yi wa wuya, ko idonsa ya gaji, sai ya saurari wanda aka karanta aka naɗa.

Wanda ya gama littafi yana neman na gaba, a wuri irin Damari, ba shi da sararin ɗaukar duka. Data kuɗi ce, caji kuɗi ne, marubuta da dama kuma sai an biya suke sakin ci gaban labari. Ga aikin gona da ke cinye yini. Dole ne ya zaɓa.

Al'ada ta riga ta yi wa mutane zaɓin: na soyayya na mata ne, na yaƙi na maza. Wannan rabo ne da ya kamata a sake dubawa. Idan kuɗin littafi ɗaya ne a hannun saurayin Damari ko Faskari ko Ƙanƙara, ya fi masa amfani ya sayi na soyayya mai ma'ana, ya bar takobin ya huta zuwa wani zagayen.

Gardamar ta girmi wayar hannu

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a kowane ɓangare na wannan zaɓi. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Biyu daga cikin littattafai biyar da gasar ta haifar malaman makaranta ne a Katsina suka rubuta su, kuma wa da ƙani ne: Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Dukansu labaran tafiya ne mai nisa da haɗuwa da aljanu.

Daga baya Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, Garba Funtuwa kuma ya biyo da Gogan Naka. Waɗannan su ne kakannin littattafan yaƙin da ake karantawa yau, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini mai Kundin Tsatsuba da Mazan Jiya.

A ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina tare da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, littattafan da suka share fagen soyayyar zamani. A 1994 Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suka fi sani da Anti Bilki, ta fitar da Allura Cikin Ruwa, ta kuma biyo da irin su Wa Ya San Gobe da Ki Yarda Da Ni, wanda aka mayar fim. Daga Funtuwa zuwa Sabuwa ba wata tafiya ba ce.

Hatta muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 kan darajar waɗannan littattafai, 'yan yankin ne a gabanta. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa musu sunan Adabin Kasuwar Kano yana mai sukarsu, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya tsaya musu, yayin da Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya buɗe wa muhawarar fili a shafin adabin da yake kula da shi a jaridar New Nigerian.

Saboda haka matashin da ke kwance a ɗakinsa a Damari yana jujjuya waya tsakanin littattafai biyu, gadon gida yake jujjuyawa.

Abin da littafin yaƙi ke bayarwa

Ba a yi wa littafin yaƙi adalci ba idan aka kira shi ɓata lokaci, kamar yadda wasu iyaye da malamai ke yi. Yana da amfanin da ba a rasa ganewa.

Na farko, yana ɗauke hankali daga damuwa. Mutumin da ya yini yana sauraron ƙarar babur da fargaba, yana da haƙƙin ya kwana a wani birni da ke bayan teku bakwai, inda azzalumi ba ya kaiwa ƙarshen littafi da ransa. Hutun zuciya ma magani ne, kuma babu wanda ya isa ya yi wa mai neman sa gori.

Na biyu, yana riƙe harshe. Kalmomi irin su sulke da kwalkwali da lifidi da garkuwa da kansakali da barde sun fita daga bakin mutane tun da aka daina yaƙi a kan doki. Ban da hawan salla, a waɗannan littattafai ne yaro zai ci karo da su. Kirari da zuga da salon ba da labari irin na tatsuniya su ma a nan suka samu mafaka.

Na uku, yana buɗe ƙofa zuwa duniya. Iliya Ɗan Maiƙarfi, yaron da ya tashi gurgu ya zama sadauki, tushensa labarin wani jarumin Rasha ne mai suna Ilya Muromets. Da yawa daga cikin littattafan yaƙi na baya-bayan nan kuma daga hikayoyin Larabawa suka sha, irin su Dare Dubu Da Ɗaya da labarin Saifu ɗan Ziyazan. Yaron da bai taɓa wuce Funtuwa ba yakan san Bagadaza da Misira da Sin tun kafin ya gan su a darasi.

Sannan akwai abin da malaman makaranta suka sani: yaro namiji da ba ya son karatu, sau da yawa littafin yaƙi ne ke fara zaunar da shi ya karanta shafi ɗari ba tare da bulala ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a yankin da makarantu suka sha rufewa saboda tsaro.

Inda takobin ke yankar mai shi

Sai dai akwai darasi uku da akasarin waɗannan littattafai ke maimaitawa, waɗanda ya kamata mai karatu a wannan yanki ya karanta da ido biyu.

Darasi na farko shi ne cewa ceto daga mutum ɗaya yake zuwa. Gari yana cikin ƙangi, jama'a sun sunkuyar da kai, sai wani sadauki ya ɓullo ya gama da rundunar dubu shi kaɗai. Talakawan da ke cikin labarin ba su da aiki sai kuka da tafi. Mutanen Ƙanƙara sun ga yadda abin yake a zahiri. A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta garin, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. Babu sadaukin da ya keta daji da takobi. Kukan iyaye, matsin lambar jama'a, hayaniyar 'yan jarida da tattaunawa mai ɗaci su suka dawo da yaran.

Darasi na biyu shi ne cewa ƙarfi a laya yake. Jarumin littafin yaƙi yakan samu zobe ko takobi ko wani sirri da ke hana ƙarfe kama shi. A littafi abin nishaɗi ne. A ƙasar da ake sayar wa matasa guru da kambu da sunan maganin bindiga, abin ya wuce wasa.

Darasi na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne ɗaukar fansa. An kashe mahaifin jarumi yana jariri, ya girma, ya koyi yaƙi, ya dawo ya shafe zuriyar makashin, littafi ya ƙare da biki. Ba a nuna marayun da ya bari, balle a ce su ma za su girma. Duk wanda ya bibiyi yadda rikicin Arewa maso Yamma ya faro daga satar shanu da rigimar gona da burtali, ya rikiɗe ya zama abin da yake yau, ya san rawar da ramuwar gayya ta taka tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji. Kowane ɓangare yana da gawar da yake ramawa.

Wannan ba ya nufin littafi ne ya ba wani bindiga. Masu tayar da hankalin yankin ba daga ɗakin karatu suka fito ba, kuma da sun samu karatun ma da wataƙila labarin ya sha bamban. Abin da ake cewa kawai shi ne, saurayin da ya karanta littafin fansa ashirin a jere, ba sabon abu zai koya a na ashirin da ɗaya ba. Abin da zuciyarsa ta riga ta gaya masa a ranar jana'iza shi littafin ke nanata masa.

Abin sha'awa, tun a gasar 1933 aka samu littafin da ya gano wannan. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East labarin soyayya ne da ya rikiɗe ya zama na fansa. Wani attajiri, Malam Shehu, ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da masoyiyarsa Zainab. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramawa, ya samu, ya kuma rama a kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren. A ƙarshe babu wanda ya tsira da komai, har shi mai ramuwar. Littafin ya haura shekara 90, amma kamar jiya aka rubuta shi don wannan yanki.

Abin da ke ƙarƙashin sunan soyayya

Sunan da aka laƙaba wa littattafan soyayya ya cuce su. Namijin da bai taɓa buɗe ko ɗaya ba yana zaton babu komai a ciki sai kalaman zaƙi da kwalliya da motoci. Akwai irin waɗannan, amma manyan littattafan fannin wani abu daban suke yi.

A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire yarinya mai suna Abu daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo ba da sonta ba. Ta gudu birni, ta koma karatu, ta zama mutum. Marubuciyar da kanta tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, don haka ba ji ta yi a bakin wani ba.

A Alhaki Kuykuyo Ne, nata ne shi ma, Alhaji Abdu ya ƙaro aure ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su tana biyan kuɗin makaranta. An fassara littafin zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya tambayi abin da ke faruwa idan iyaye suka fifita mai kuɗi a kan wanda 'yarsu ke so. 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya lashe gasar Karaye a 2007, ya bi sawun yarinyar da auren dole ya jefa cikin karuwanci. Littattafan Anti Bilki kuwa cike suke da mata masu ilimi da sana'a waɗanda ke riƙe da addininsu da gidajensu.

Auren dole, cire yarinya daga makaranta, sakin wulaƙanci, zaman kishi, rashin ciyarwa, halin da bazawara da marayu ke shiga. Wane gida ne a Damari ko Sabuwa ko Faskari zai ce bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba?

A nan ne dalilin ba saurayi wannan shawara yake. A tsarin zaman ƙasar Hausa, namiji yakan girma har ya yi aure bai taɓa zama ya saurari mace tana bayyana abin da ke ranta na tsawon awa ɗaya ba. Uwa tana jin nauyin ɗanta, musamman na fari. Ƙanwa tana jin tsoron yayanta. Budurwa a wurin zance abin da zai faranta masa take faɗa. Amarya kuma an riga an yi mata huɗubar haƙuri kafin a kawo ta. Littafin soyayya, wanda galibi mata ke rubutawa don mata, shi ne kusan wuri ɗaya tilo da namiji zai ji wannan murya ba tare da an sassauta ta dominsa ba.

Saurayin da zai riƙe gida nan da shekara biyu ko uku, wanda zai yanke hukuncin ko ƙanwarsa ta ci gaba da makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, wanda wataƙila zai auri matar da aka kashe mijinta ko wadda ta dawo daga hannun 'yan bindiga, ya fi buƙatar wannan ilimi fiye da sanin yadda ake sare kan ifiritu.

Ayarin da bai iso gida ba

Littafin soyayya yakan ƙare da kai amarya. A Damari, daga nan ne wani labarin ya fara.

A farkon watan Fabrairun 2024, 'yan bindiga suka tare ayarin 'yan rakiyar amarya a yankin da dare, suka yi awon gaba da mutane, akasarinsu mata. 'Yan sanda suka ce 35 ne, jami'an gwamnatin jiha suka ce sun haura 50. Labarin ya zaga duniya na kwana biyu, sannan aka wuce zuwa wani.

Wannan dare ya gwada alƙawarin littattafan biyu. Na soyayya ya ce idan aka ɗaura aure an kai gaci, sai ga shi hanyar gidan miji ma ba ta da tabbas. Na yaƙi ya ce idan aka sace mata sadauki zai bi sawu, sai ga shi abin da iyalai suka saba fuskanta a irin wannan hali shi ne kiran waya, da cinikin kuɗin fansa, da sayar da hatsi ko gona.

Amma akwai bambanci. Tambayoyin da ke biyo bayan irin wannan masifa duk na cikin gida ne. Yaya miji zai karɓi matar da ta dawo? Me dangin miji za su ce? Wa zai auri budurwar da ta yi makonni a daji? Wa zai hana a yi mata gori a gidan biki ko a bakin rijiya? Wa zai biya bashin da aka ci? Littafin yaƙi ba shi da abin cewa a nan, domin shi da an kuɓutar da gimbiya ya gama aikinsa. Fannin da ya saba shiga ɗaki ya zauna da mace bayan baƙi sun watse shi ne ke da kayan aikin taɓa waɗannan tambayoyi, kuma namijin da ya saba karanta shi ya fi kusa da ba su amsa ta tausayi.

Su ma suna da nasu laifin

Ba duk littafin da aka rubuta wa soyayya a goshi ne ya cancanci wannan yabo ba, kuma iyayen da ke ɗar-ɗar da su ba su rasa hujja ba.

Tun da rubutu ya koma waya, babu edita, babu mai tacewa, babu ma mai gyaran rubutu. Wasu marubutan sun gano cewa batsa na kawo masu biya, suka mayar da ita jari. Wasu kuma kowane jarumi nasu ɗan hamshaƙin attajiri ne mai gida a Abuja da Dubai, ta yadda yarinyar da ta sha karanta su za ta riƙa ganin manomin da ya zo neman aurenta kamar bai cika mutum ba. Akwai masu nuna miji mai duka da wulaƙanci a matsayin gwarzon da haƙuri zai gyara. Akwai masu jan labarin da bai wuce shafi 80 ba har babi 100 don kuɗi su ci gaba da shigowa.

Maganin wannan ba wuta ba ce. An gwada a Kano a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya kuma Hukumar Tace Fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. Littattafan ba su mutu ba. Sun bar teburin mai sayarwa inda kowa ke ganin bangonsu, sun shige waya inda babu mai gani. Ko a watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, abin da aka riga aka sauke bai bar wayoyi ba, kuma tura shi daga waya zuwa waya ba ya buƙatar sabis.

Abin da ke aiki shi ne mai karatu ya iya zaɓe.

Yadda za a gane na ƙwarai

Kafin a tura kuɗi ko a ƙona data, akwai tambayoyin da babi biyu ko uku na farko, waɗanda galibi kyauta ake sakinsu, za su amsa.

Shin mutanen da ke cikin labarin suna da sana'a, suna cin abinci, suna bin bashi, ko kuwa ado da hawa mota kawai suke yi? Shin idan wani ya yi zalunci labarin yana nuna wanda abin ya faɗa wa, ko yana yi wa azzalumin kirari ne? Shin matsalar da aka ɗauko irin wadda za a iya samu a unguwa ce? Sannan, shin mai karatu zai iya karanta shafin da ƙarfi a gaban yayarsa ba tare da ya tsallake layi ba?

Wanda bai san inda zai fara ba, ya fara da waɗanda zamani ya riga ya tace: Wa Zai Auri Jahila?, Alhaki Kuykuyo Ne, Allura Cikin Ruwa, 'Yartsana, Mace Mutum na Rahma Abdulmajid. Wanda kuma ba ya jin zai iya rabuwa da asiri da tafiyar daji farat ɗaya, Jiki Magayi gada ce tsakanin fannonin biyu, kuma gajere ne.

Shawarar tana da ɗaya gefen. Budurwar da ta karanta littafin soyayya hamsin ita ma ta ƙoshi da darasi ɗaya. Ta ɗauki Ruwan Bagaja ta yi dariyar Malam Zurƙe, ko Gandoki, ko ɗaya daga cikin na Madakin Gini, ta ga duniyar da ba a kan aure kaɗai take juyawa ba. Babu ayar da ta ce tafiya da kasada da jarumtaka na maza ne su kaɗai. Ƙasar da ta san tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ba ta buƙatar a tuna mata wannan.

A gida ɗaya ma ana iya yin musaya. Wa ya tura wa ƙanwarsa nasa, ita ma ta tura masa nata, bayan mako su zauna kowa ya faɗi abin da ya gani. Kuɗin littafi ɗaya ya zama na biyu, an kuma samu abin hira a daren da ba a fita.

Saura marubuta da hukuma

Akwai littafin da mai karatu a Damari ke nema wanda har yanzu bai yawaita a kasuwa ba: wanda zai ga garinsa a ciki. Soyayyar saurayin da gonarsa ta gagari zuwa. Auren da aka ɗaga sau uku saboda hanya. Jarumtar direban da ke bin hanyar Ɗandume zuwa Sabuwa, da ta ungozomar da ke fita cikin dare, da ta malamin da ya ƙi barin makarantarsa. A irin wannan labari soyayya da jarumtaka ba sa rabuwa, kuma babu buƙatar aro aljani.

An ga alamar cewa ana iya yi. Labarin da ya lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a shekararta ta farko, 2016, shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, wanda ya duba rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Yankin da ya fitar da Anti Bilki da Ibrahim Sheme ba zai rasa wanda zai rubuta nasa labarin ba, idan matasansa suka karanta abin da ya fi wanda ake turo musu.

Su kuma shugabannin ƙananan hukumomin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, da ɗan majalisar tarayya da ke wakiltar ukun a mazaɓa ɗaya, akwai aiki mai araha a gabansu. Akwati ɗaya na littattafan Hausa na ƙwarai, tsofaffi da sababbi, na soyayya da na yaƙi, a kowace sakandare, bai kai kuɗin taron siyasa ɗaya ba. Littafin takarda ba ya neman caji, ba ya jiran sabis, kuma yakan bi hannu goma kafin ya yage. Malaman Hausa na makarantun sun san waɗanda suka dace, a tambaye su.

Kafin a kai ga haka, zaɓin yana hannun mai waya. Sadaukan littafin yaƙi ba za su gudu ba, suna nan da takubbansu duk ranar da aka koma. Amma matar da saurayin Damari zai aura, da ƙanwar da ke jiran hukuncinsa kan makarantarta, da maƙwabciyar da ta dawo daga daji take kulle a ɗaki, ba su da lokacin jira irin na sadaukai. A wannan karon, ya karanta littafin da zai sa ya ji su.